Daga Kano zuwa Damagaram: yadda wani gida ya nema wa yaransa huɗu makaranta

A watan Agusta na 2024, ana tsakiyar damina, wani abokina tun na ƙuruciya ya kwaso iyalinsa daga Kano ya dawo Damagaram bayan shekara goma sha tara yana zaune a can. Sana'arsa sayen atamfa da shadda a Kantin Kwari yana turo su Kasuwar Dole. Rufe iyakar Najeriya da Nijar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, wanda bai kau ba sai a watan Maris na 2024, tare da zubewar darajar naira, su ne suka sa ya ga gara ya dawo inda ake ciniki da sefa, ya bar ƙanensa yana yi masa saye a Kano. Zan kira shi Alhaji, in kira maiɗakinsa Hajiya, domin sun yarda in ba da labarin amma ba su yarda a ambaci sunan kowa ba. Yaransu huɗu ne, dukansu haihuwar Kano. Babban yana da shekara 18, ya gama sakandare ya rubuta jarrabawar kammalawa ta WAEC. Mai bi masa mace ce ƴar shekara 15, ta gama aji uku na ƙaramar sakandare. Sai namiji ɗan shekara 11 da ya gama aji biyar na firamare, sai auta ƴar shekara 6. Ni na shiga maganar ne saboda na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma Alhaji ya zo wurina yana zaton aikin yini ɗaya ne.

Yana da dalilin yin wannan zato. Tsakanin Kano da Damagaram kusan kilomita 240 ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, dangi a kowane ɓangare, kuma yaran sun saba zuwa nan yin Sallah. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne makarantar da suka baro da wadda za su shiga ba su gaji tsari ɗaya ba. A Najeriya firamare shekara 6 ce, ƙaramar sakandare 3, babbar sakandare 3, jimla 12, kuma ana karatu da Ingilishi. A Nijar firamare shekara 6 ce daga CI, wato ajin farko, zuwa CM2, wato aji na shida, inda ake rubuta jarrabawar CFEPD, sai kwaleji, wato ƙaramar sakandare, shekara 4 da ake rufewa da jarrabawar BEPC, sai lise, wato babbar sakandare, shekara 3 da ake rufewa da jarrabawar BAC, jimla 13, kuma ana karatu da Faransanci. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa ya mayar da Faransanci harshen aiki, amma littattafan da ke hannun ɗalibai da takardun jarrabawar da yaran Alhaji suka tarar a wannan shekarar karatu duk na Faransanci ne.

Ko lambar aji ma ta rikita mu a rana ta farko. A kwalejin Nijar ƙirga azuzuwa baya yake tafiya: ana farawa da siziyam, wato na shida, sai sankiyam, sai katriyam, a ƙare da turwaziyam, wato na uku. Da Alhaji ya ce wa wani darakta ƴarsa ta gama aji uku, sai daraktan ya miƙa hannu ya ce a ba shi takardar BEPC ɗinta, domin a wurinsa wanda ya gama na uku ya gama kwaleji ke nan, lise ya nufa. Sai da muka zauna muka ƙirga shekarun da yatsa. Yarinyar ta yi shekara 9 a makaranta, wanda a nan ya yi daidai da ƙarshen katriyam, ma'ana a takarda ajin da ke gabanta shi ne turwaziyam, ajin jarrabawa. Ƙanenta kuma ya yi shekara 5, ajin da ke gabansa CM2 ne, shi ma ajin jarrabawa. Yara biyu ke nan da ba su iya haɗa jimla ɗaya da Faransanci ba, kuma lissafin shekaru ya kai kowannensu bakin jarrabawar ƙasa.

Kafin maganar aji akwai maganar takardu, kuma ita ta fi cin lokaci. Takardun haihuwar yaran na hukumar ƙidaya ta Najeriya ne, da Ingilishi, kuma Alhaji bai taɓa kai su ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano an yi musu rajista ba. Makaranta tana iya karɓar yaro na ɗan lokaci ba tare da komai ya cika ba, amma ranar da za a tura sunayen masu jarrabawa ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Ya koma Kano sau biyu, na farko don karɓo takardun canjin makaranta da sakamakon shekarun baya, na biyu don zuwa ofishin jakadancin, sannan ya shiga neman takardar ɗan ƙasa a kotu. A nan ne wani ƙaramin abu ya taso wanda nake roƙon kowane uba mai irin wannan ƙaura ya lura da shi, wato rubutun suna. Sunan da ake rubuta Usman a Kano shi ne Ousmane a nan, Shu'aibu ya zama Chaibou. Sunan Alhaji a katinsa na Nijar da rubutun Faransanci yake, a takardun yaran kuma da rubutun Najeriya, ta yadda a takarda kamar ba shi ya haife su ba. Gyara wannan tun yaro bai shiga rajistar makaranta ba aikin ƴan makonni ne, amma idan har sunan ya hau takardar BEPC a karkace, zai bi shi har jami'a.

Abin da ya ba su sarari masifa ce da ta sami wasu. Ruwan daminar 2024 ya yi ɓarna mai yawa a ƙasar, a nan Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, kuma mutanen da gidajensu suka faɗi sun fake a azuzuwan makarantu. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba. Waɗannan kwanaki 26 muka yi amfani da su, muka samo wani ɗalibin jami'a yana zuwa gida kowace safiya yana koya wa yaran biyu harufa da sautin Faransanci.

Gida kuwa Alhaji ya riga ya kama haya tun kafin ya tuntuɓi kowa, a wata sabuwar unguwa ta bakin gari, saboda faɗin tsakar gida da sauƙin kuɗi. Da zai sake, na tabbata makarantar zai fara nema sannan gidan. Duk wanda ya san Damagaram ya san ƙishinta: gari ne a kan dutse, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma unguwannin bakin gari su ne na ƙarshen samu. A gidan da famfo ba ya zuwa sai tsakar dare, ko kuma sai an jira ƴan garuwa, yarinya ƴar shekara 15 ita ake tasa ta tari ruwa, da safe kuma ta tafi aji da barci a ido. Ga kuma kuɗin adaidaita na yara uku zuwa wurare uku, ga firamare da akan koma da yamma a wasu ranaku, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Da watanni shida na hayar suka cika, sun koma wani ƙaramin gida kusa da Sabon Gari, inda biyu daga cikin yaran suke tafiya da ƙafa.

Auta ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan. An sa ta CI a makarantar gwamnati ta unguwa, cikin yaran da su ma Hausa suka zo da ita daga gida, kuma kafin sanyi ya wuce tana rera ƙirga da Faransanci a tsakar gida. Karatun kyauta ne, in ban da gudummawar da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, yake karɓa, da allo da alli da littafin rubutu. Abu ɗaya Hajiya ta dage a kansa, cewa ajin ya zama na gini ba rumfar zana ba, domin ta ji labarin gobarar da ta kashe yara a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021. Ta je da kanta ta ga ajin kafin ta yarda.

Namijin mai shekara 11 ni na gwada shi da kaina a zauren gidana. Na ba shi rabawa, 456 a raba 8, ya zana ta yadda aka koya masa a Kano, da lambar da ake rabawa a ƙarƙashin rumfa da amsa a sama, ya fitar da 57 ba tare da ɓata lokaci ba. Da na zana masa irin tamu, mai tsayayyen layi da mai rabawa a dama da amsa a ƙarƙashinsa, sai ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa ganin lissafi ba. Inda yake sa ɗigo a tsakanin lamba da gutsurenta, mu waƙafi muke sawa. Harufansa a rarrabe yake rubuta su, mu kuwa tun CI rubutun haɗe muke koyarwa a littafi mai ƙananan layuka. Da na faɗa masa cewa a Faransanci saba'in sittin da goma ce, tamanin kuma ashirin huɗu, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, da gaske?" Ko a bakin makaranta sai da ya koyi cewa dala ashirin ita ce sefa ɗari. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, iliminsa yana nan, tufafin ilimin ne kawai suka canza, kuma sake su yana son lokaci.

Na ba da shawarar a sa shi madarsa, wato makarantar Faransanci da Larabci ta gwamnati, a ajin CE2, shekara biyu ƙasa da inda lissafi ya kai shi. Irin wannan makaranta tsohuwa ce a Nijar, ta farkonta an buɗe ta a Say a 1957, kuma takardunta hukuma ta san da su har zuwa BAC. Dalilina shi ne yaron ya yi shekaru a Islamiyya a Kano, yana karanta Larabci yana rubutawa, saboda haka rabin yininsa a madarsa zai yi shi ne a kan abin da ya fi ƴan ajin iyawa, kuma yaron da ake tafa masa a darasi ɗaya yana iya jure a gyara shi a ɗaya darasin. Na kuma duba makarantun da ke fara karatu da Hausa kafin su shigar da Faransanci, waɗanda a nan Damagaram aka fara gwada su a 1973, amma amfaninsu ya fi yawa a azuzuwan farko, shi kuwa ya wuce nan. Alhaji bai so ba. Ya ce mini, "Malam, yaron da ya kusa gama firamare za ka mayar mini aji huɗu? Ƴaƴan ƙannena su wuce shi?" Na ce masa, "Alhaji, idan ka sa shi CM2 bana zai faɗi, baɗi ya maimaita ya sake faɗi, shekara biyun dai za ka biya, sai dai a can da karyayyar zuciya za ka biya su." Ya yi kwana uku kafin ya yarda.

A kan yarinyar ne aka yi kuskuren da ya fi tsada, kuma da ni a cikin masu laifi, domin ban dage ba. Wata makarantar kuɗi, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta karɓe ta a turwaziyam ba tare da gwaji ba, aka ce wa Alhaji yarinya mai ƙoƙari za ta kama cikin wata uku, aka karɓi kuɗin zangon farko aka ɗinka mata rigar makaranta. A kwaleji ana ba da maki bisa 20, ana wucewa da matsakaicin 10, kuma kowane darasi da nauyinsa, Faransanci da lissafi suna cikin masu nauyi. Takardunta na wata na farko Hajiya ta kawo mini su a cikin leda. Ingilishi 18. Lissafi 6, kuma da na duba, duk inda lamba ce zalla ta ci, duk inda tambayar ta zo da jimla ta bar wurin fari. Shifta sifili, jan biro ya rufe takardar har ba a ganin rubutunta. Tarihi da ilimin ƙasa ta kwafe tambayoyin da kyakkyawan rubutu ta miƙa, domin kada ta ba da takarda babu komai. Yarinyar da take cikin biyar na farko a ajinsu a Kano ta koma mai zama a bencin baya, ta daina cin abincin safe, ta fara cewa kanta yana ciwo duk ranar Litinin.

Makarantar kuɗi tana da amfaninta, kuma ban zo in rushe su duka ba: ƴan aji sun fi kaɗan, kuma yajin aikin malaman kwantiragi da kan ci makonni a makarantun gwamnati bai cika taɓa su ba. Amma makarantar da ta karɓi yaro daga wata ƙasa ba ta zaunar da shi ta gwada shi ba, ta nuna abin da take nema a wurin uban. Wannan ita ce tambayar farko da ya kamata mu yi, kuma ba mu yi ta ba.

A watan Disamba aka yi zaman gida. Hanyoyi uku ne a gabansu. Ta farko, a mayar da ita Kano wurin ƙanen Alhaji ta yi shekara 3 ta gama sakandare tana da shekara 18. A lissafin karatu wannan ita ce mafi gajarta, kuma na faɗa musu haka ba tare da ɓoyewa ba. Ta biyu, ta sauka zuwa sankiyam a nan, ta rubuta BEPC tana da shekara 18, ta rubuta BAC tana da 21 idan ba ta maimaita ba. Ta uku ba a faɗe ta a fili ba sai da wata gwaggonta ta furta, cewa tunda boko ya ƙi, ga masu neman aurenta. Akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 da ta tanadi kare karatun ƴa mace har zuwa shekara 16, amma yarinyar saura watanni ta cika 16, kuma a irin wannan zama ba doka ce ke yanke magana ba. Hajiya ce ta yanke. Ta ce ita an cire ta daga makaranta tana aji biyu, ba za ta yi wa ƴarta haka ba, kuma ba za ta bar budurwa a wani gari ba tare da idonta ba. Da aka tambayi yarinyar, ta ce, "Inna, in dai ba za a sake sa ni inda ba na jin komai ba, ko wane aji ne zan zauna."

An kai ta wata kwalejin Faransanci da Larabci mai zaman kanta, inda aka ba ta gwajin kwana biyu aka tabbatar da sankiyam. Kuɗin zangon da aka biya a makarantar farko bai dawo ba. Malamin gida ya ci gaba da zuwa sau huɗu a mako, kuma muka canza masa hanya: maimakon nahawu zalla, ya riƙa ɗaukar darasin lissafi ko na kimiyyar da ta riga ta sani da Ingilishi yana karanta mata shi da Faransanci, ta yadda sabon abu ɗaya ne kawai a gabanta, wato harshen. Kalmomi da yawa na kimiyya kusan ɗaya suke a harsunan biyu, kuma da ta gano haka sai ta buɗe wani littafi tana jera su da kanta. Ƴan ajin da ta girme su da shekara biyu suka fara kawo mata aikin Ingilishi, ita kuma tana karɓar gyaran shifta a wurinsu.

Dalilin da ya sa na goyi bayan wannan doguwar hanya shi ne abin da ke bayan BEPC a garin nan ba kaɗan ba ne. Akwai lise na gwamnati, mafi shahara shi ne Amadu Kuran Daga, mai sunan sarkin Damagaram da ya rasu a yaƙi da Faransawa a 1899, inda ɗalibi kan bi sashen A na harsuna da adabi, ko C na lissafi da fiziks, ko D na kimiyyar rayuwa. Akwai makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, akwai makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, akwai cibiyoyin koyon sana'a ga wanda hannu ya fi masa. Sannan akwai jami'ar da aka kafa a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan da ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Tana da tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, da ta kimiyya, da ta ilimin koyarwa, da ta kiwon lafiya mai aiki da babban asibitin Damagaram, da cibiyar fasaha ta IUT. Yarinyar da ta fito da Hausa da Ingilishi da Larabci da Faransanci tana iya yin duk wannan tana kwana a ɗakin mahaifiyarta.

Babban ɗan kuwa maganarsa ba ta daɗe ba. Jami'a a nan da BAC take karɓa, ko da shaidar da hukuma ta amince daidai take da shi, kuma ko an amince, laccar da Faransanci za a yi ta. Mai shekara 18 da WAEC a hannu ba shi da dalilin rushe ginin shekara 12. Ya zauna a Kano wurin baffansa yana taya shi a Kantin Kwari yana shirin JAMB, jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, da niyyar Jami'ar Bayero, kuma shi ne yanzu yake rako kaya zuwa Damagaram duk ƙarshen wata.

A ƙarshen shekarar karatu, cikin 2025, auta ta wuce zuwa CP, wato aji na biyu. Namijin ya wuce zuwa CM1, wato aji na biyar, yana cikin goma na farko a ajinsu, kuma ya koma yin rabawa da tsayayyen layi, ko da yake na lura idan yana sauri a gefen takarda irin ta Kano yake fara zanawa. Yarinyar ta fito da matsakaicin da ya ɗan haura 10, Ingilishi da Larabci da lissafi suka ɗauke ta, Faransanci yana ƙasa da rabi har yanzu. Ta wuce zuwa katriyam. Takardar ɗan ƙasarta ta fito da sunan mahaifinta a rubuce yadda yake a katinsa, kuma Hajiya ta ce malamin gida ba zai tafi hutu ba, zai ci gaba da zuwa har daminar ta wuce.